Yadda 'yan kasuwa ke sa ido kan farashi da jigilar kaya ta kafafen sada zumunta

Tsakanin gonakin tumatir na Kadawa a Jihar Kano da kasuwar Mile 12 da ke Legas akwai tafiyar kimanin kilomita 1,000. Kwandon da aka loda yau sai gobe ko jibi zai isa, kuma tumatir ba ya jiran farashi ya gyaru. Don haka ɗan kasuwa ke buƙatar sanin halin da kasuwar take ciki tun kafin mota ta tashi, kuma a yau yawancin wannan labari ta wayar hannu yake zuwa.

A zaurukan WhatsApp da shafukan Facebook na dillalai da direbobi, abubuwa uku ake bibiya. Na farko farashi: nawa aka sayar da kwando ko buhu da safiyar yau. Na biyu yawan kaya: idan hotuna suka nuna tireloli sun cika kasuwa, alama ce farashi zai faɗi, sai mai kaya ya karkata zuwa Ibadan ko Onitsha. Na uku hanya: saƙon murya ɗaya daga direba kan cunkoso a Lokoja ko Jebba kan sa a jinkirta lodi. Masu sarin hatsi a Dawanau da masu albasa a Aliero su ma haka suke yi.

Amfanin wannan ya fito fili a watan Fabrairun 2021, lokacin da ƙungiyar dillalan kayan abinci da shanu ta dakatar da kai kaya Kudu bayan rikicin kasuwar Shasha a Ibadan. Cikin 'yan kwanaki farashi ya tashi a Legas, ya faɗi a Arewa, kuma wanda labari ya riska da wuri ya rage asara.

Sai dai sauri ba shi ne gaskiya ba. Ana sake yaɗa tsohon hoto kamar sabo, kuma mai kaya jibge a rumbu na iya baza jita-jitar ƙarancinsu domin farashi ya hau. Haka nan kafar kanta tana iya yankewa, kamar yadda aka rufe layukan sadarwa a Zamfara a watan Satumban 2021.

Saboda haka gogaggen ɗan kasuwa kan ɗauki saƙon zaure a matsayin gargaɗin farko kawai. Yakan duba ranar da aka tura shi, ya kira amintaccen wakilinsa a kasuwar, ya kwatanta da wata majiya ta daban. Ma'aikacin da ke son sayen buhun shinkafa ko gero kafin azumi shi ma zai iya auna abin da ya gani da rahoton farashin abinci da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ke fitarwa duk wata, kafin ya saki albashinsa.