Saƙo Biyu A Ƙofar Rumbun Tsoka

Ku sani, ya ku masu karatu, tsokar ɗan Adam ba ta jiran abincin da ke cikin tumbi sa'ad da bukatar gudu ta taso mata farat ɗaya, domin Allah cikin hikimarsa ya tanadar mata rumbu a cikin kanta, inda take tara sukari a dunƙule, sarƙa bisa sarƙa, wanda ma'abota ilmi suke kira gilaikojin. Claude Bernard na Faransa ne ya fara ware shi daga hanta a 1857, kuma babban mutum yakan ɗauki kimanin giram 400 nasa a tsoka. Mas'alar da ta daɗe tana ci wa malamai tuwo a ƙwarya ita ce, wa ke buɗe wannan rumbu, kuma da izinin wa?

Carl Cori da matarsa Gerty, a Amurka, su ne suka gano furotin ɗin da ke ɓalle sukarin ɗaya bayan ɗaya, wato fosforilas, suka kuma lura yana da hali biyu, na barci da na farke. Sirrin farkar da shi kuwa sai a 1955 ya bayyana, a hannun Edmond Fischer da Edwin Krebs a birnin Siyatil, ta wata hanya mai ban ta'ajibi: in suka tace ruwan naman zomo da takardar tacewa, sai fosforilas ya farka, in kuwa ba su bi ta takardar ba, sai ya zauna cikin barcinsa, har suka tabbatar ɗan kalsiyam ɗin da ke jikin takardar ne sanadi. Daga nan suka fahimci akwai wani furotin na biyu, fosforilas kainas, wanda in ya sami kalsiyam yakan ɗauki ƙwayar fosfet ya liƙa wa na farkon. Wannan bincike ne ya jawo musu kyautar Nobel a 1992.

To, ta ina wannan kainas yake jin kalsiyam, wato saƙo na farko, wanda umurnin jijiya ke sakewa a cikin tsoka? Shi dai ƙato ne a cikin furotin, gaɓoɓi goma sha shida gare shi, iri huɗu, kowane iri guda huɗu. Iri ɗaya kaɗai ke yin aikin liƙawa, manyan biyu kuwa danne shi suke yi kada ya yi aiki ba da dalili ba. Ƙaramin cikinsu shi ne Philip Cohen da abokan aikinsa a Dundee ta Sikotilan suka tabbatar a 1978 cewa kalmodulin ne, ɗan furotin mai gurbi huɗu na kama kalsiyam, wanda a sauran wurare yakan zo ya tafi gwargwadon hawa da saukar kalsiyam, amma a nan an ɗaure shi dindindin, ko da kalsiyam ko babu. Bayan wannan na gida, akwai gurbin wani kalmodulin baƙo, wanda ba ya zama sai kalsiyam ya yawaita, ya manne wa manyan gaɓoɓin nan ya sassauta dannewarsu. A cikin tsoka ma ana ganin ɗan'uwansa toroponin, mai sa tsoka ta tsuke, shi ya fi cancantar wannan gurbi.

Sa'an nan ga saƙo na biyu, wanda ba daga jijiya yake zuwa ba, daga jini. Yayin da tsoro ko fushi ya kama mutum, sinadarin adiranalin ya kwarara, sai wani kainas dabam ya tashi ya liƙa fosfet a kan manyan gaɓoɓin biyu. Abin da wannan liƙawa take haifarwa shi ne ainihin abin lura, domin ba ta ɗauke bukatar kalsiyam ba, kalmodulin na gida kuma yana nan daram a mazauninsa. Sai dai adadin kalsiyam da ake bukata kafin kainas ya tashi yakan ragu ninki fiye da goma, alhali kalmodulin baƙo da toroponin, waɗanda a da suke ƙara masa ƙarfi ƙwarai, tasirinsu yakan kusa gushewa baki ɗaya. Dalili kuwa a fili yake ga mai tunani: fosfet da baƙon kalmodulin aiki ɗaya suke yi, wato kwance dannewar manyan gaɓoɓi, kuma abin da aka riga aka kwance ba ya bukatar mai kwancewa na biyu.

A ganina, masu cewa adiranalin ne ke buɗe rumbun sun gajarta bayani. Mutum na iya ɗaga kaya mai nauyi hankalinsa kwance, kalsiyam ɗin da ya sa tsokar ta tsuke shi ne kuma zai tada kainas a lokaci guda, ba tare da wani fosfet a kansa ba. Aikin adiranalin shi ne ya riga umurnin jijiya isowa, ta yadda ɗan kalsiyam kaɗan zai wadatar tun ƙafa ba ta ɗagu ba. In haɗari ya wuce, wani furotin mai suna fosfatas yakan ɓalle fosfet ɗin daga kainas da fosforilas duka, a janye kalsiyam zuwa ma'ajiyarsa, kuma bayan an ci abinci insulin ya ƙara wa fosfatas ɗin himma don a sake cika rumbun.