Ƙaramar Katafilar da Aka Haifa a Ɗakin Talotalo



Da yawa ba su san cewa ƙaramar katafilar nan mai juyawa a wuri ɗaya, wadda ake kira Bobcat, saboda masu kiwo aka ƙirƙiro ta ba. A 1957, a garin Rothsay na Amurka, wani mai kiwon talotalo, Eddie Velo, ya gaji da wahalar kwashe kashi. Wasu maƙera wa da ƙane, Louis da Cyril Keller, suka haɗa masa 'yar na'ura mai taya uku. Kamfanin Melroe ya sayi fasahar a 1958, mai taya huɗu ta fito a 1960.

To mu fa? Mai kaji ɗari biyu a bayan gida a Ƙofar Taramniya, shebur da baro sun ishe shi. Amma in kun haɗa ƙungiya kun buɗe gona wajen Kware ko Dange, tsohuwa guda za ta kwashe kashin kaji, ta loda wa manoman albasa taki, ta kwashe ƙasa wajen haƙa kandamin kifi. Sai dai in babu kulawa, jarinku ne zai kwanta a gindin bishiya yana tsatsa.

Kafin ka biya, tafi da bakaniken manyan injuna. A tayar da ita da sanyin safiya, ka ga kalar hayaƙin. A cika bokitin da ƙasa, a ɗaga a tsaya. In hannuwan na saukowa da kansu, mai na zurarewa ta ciki. In kuma tana karkata gefe ɗaya a tafiya, ka zargi famfon haidirolik, kuma nan ne kuɗi suke. Ka tabbatar akwai kayan gyaranta a Ƙofar Ruwa ta Kano ko Ladipo ta Legas.

In ta zo gida, juye komai: baƙin mai, man haidirolik, man sarƙa. Canza filtoci da duk tiyon da ya tsattsage.

Maƙiyanta uku ne a Sakkwato. Na farko ƙurar hunturu: duba filtar iska kullum. Na biyu zafin bazara da ke haura digiri 40: gashin kaji da buntu na toshe lagireto, a hure shi kullum, a yi aiki da safe ko da la'asar. Na uku kashin kajin kansa, cin ƙarfe yake yi. A wanke ta bayan aiki, a sa giris duk awa 10, baƙin mai kuma kusan duk awa 250.

Don Allah kada kowa ya shiga ƙarƙashin hannuwanta a ɗage sai an tokare su da ƙarfen tokarewa. Rai ba ya da sifiya.

In kuma za ku riƙa ba da haya, ku tuna murar tsuntsaye da ta ɓulla a jihar Kaduna a 2006. Taya da bokiti na ɗaukar cuta daga gona zuwa gona. A wanke, a fesa maganin kashe ƙwayoyin cuta, sannan ta shigo. Kuɗin hayar yini ɗaya ba zai biya kaji dubu ba.

Allah Ya sa wa kiwonmu albarka.