Gandun gidanmu: ƙananan gonakin da ke ciyar da Gwandu da Kalgo

Yau hirarmu a kan ƙananan gonakin gida ce, irin waɗanda uba da 'ya'yansa suke nomawa su ci, su kai ragowar kasuwa. Za mu ɗauki Gwandu da Kalgo a jihar Kebbi a matsayin misali.

Mu fara da sunan Gwandu kansa. Masana tarihi sun ce daga kalmar "gandu" ya samo asali, domin yankin gonakin Kanta ne, sarkin Kabi na ƙarni na 16. Daga baya ne garin ya zama mazaunin Malam Abdullahi ɗan Fodiyo. A tsarin Bahaushe, gandu shi ne babbar gonar gida wadda kowa yake sa hannu a ciki ƙarƙashin maigida, kuma daga cikinta ake cika rumbu. Gayauna kuwa ita ce 'yar gonar da ake yanka wa saurayi ko matar gida, abin da ya fito nasu ne. In aiki ya yi yawa, sai a kira gayya.

To me ake nomawa? A tudu, kamar kewayen Gwandu, Dalijan da Kambaza, damina ce jari: gero, dawa, wake, gyaɗa. Kalgo kuma Allah ya ba ta fadama a gefen gulbin da ya biyo ta Argungu da Birnin Kebbi ya nufi Bunza. Nan ake shinkafa damina da rani, ga lambunan albasa, tumatir, tattasai da kuɓewa. Yawancin wannan kaya ba ya yin nisa, a kasuwannin ƙauye da na Birnin Kebbi yake ƙarewa. Wato tuwon da ka ci jiya da dare, da wuya in babu gumin ƙaramin manomi a ciki.

Kada ku raina su fa. Wani binciken hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, na 2021 ya nuna gonakin da ba su kai hekta 2 ba su ne ke samar da kusan kashi ɗaya bisa uku na abincin duniya. Majalisar ma ta ware 2019 zuwa 2028 a matsayin shekaru goma na noman iyali.

Yanzu ana ta maganar "noma mai ɗorewa" kamar wani sabon abu ne daga Turai. Ma'anarsa dai a noma ƙasa bana ba tare da an kashe ta ga masu zuwa baɗi ba. Kuma da yawan dabarun, kakanninmu sun riga sun san su.

Ɗauki haɗa gero da wake a gona ɗaya. A saiwar wake akwai wasu ƙananan ƙulle-ƙulle, cikinsu ƙwayoyin halitta ne masu janyo sinadarin naitirojin daga iska su mayar da shi abincin shuka. Shi ne sinadarin da kake saye da tsada a buhun yuriya. Ga harawa ta dabbobi, dabbobin su ba ka taki, takin ya koma gona. In ruwa ya yi gardama gero ya gaza, wataƙila wake ya fitar da kai kunya.

Sai gawo. Wannan itace da damina yake zubar da ganye, don haka ba ya tare wa shuka rana, ganyen kuma ya zama taki. Shi ya sa geron gindin gawo ya fi na sauran gona kyau. A Maraɗi, tun daga 1983, wani ɗan Ostareliya mai suna Tony Rinaudo ya yi aiki da manoma a kan su daina tumɓuke kututturen itatuwa, su riƙa rage tohon suna barin masu ƙarfi. An ƙiyasta cewa ta wannan hanya itatuwa kusan miliyan 200 suka dawo a kudancin Nijar. Ba a sayi dashe ba, wuƙa da haƙuri kawai aka sa.

To ina matsalar take? Na farko, man fetur. Noman rani a fadama da injin ban-ruwa ake yinsa. Kafin cire tallafi a ranar 29 ga Mayu 2023, lita ba ta kai naira 200 ba a farashin gwamnati. Kafin ƙarshen 2024 ta haura 1,000. Mai ƙaramar gona shi ya fi jin jiki, domin ba shi da ajiyar da zai jure. Injin mai aiki da hasken rana yana rage wannan nauyi, amma kuɗin sayensa a tashi ɗaya ya fi ƙarfin mutum guda.

Na biyu, ambaliya. A 2020 ruwa ya shafe shinkafa mai ɗimbin yawa a Kebbi ana dab da girbi. Wanda ya zuba komai nasa a shinkafa kaɗai, ranar ya tashi babu na ci, babu na biyan bashi.

Wannan ya kawo mu kan shirin Anchor Borrowers da Shugaba Buhari ya ƙaddamar a Birnin Kebbi a Nuwamba 2015. Gaskiya ya ɗaga sunan jihar: an yi shinkafar LAKE da haɗin gwiwar Legas a 2016, an buɗe kamfanin WACOT a Argungu a 2017. Amma shiri ne da ya karkata kan amfani guda ɗaya da kuma bashi. Gida kuwa ba shinkafa kaɗai yake ci ba, yana buƙatar gero, wake da kayan miya.

Na uku, ajiya. Da kaka kowa ya fito da kaya lokaci ɗaya, farashi ya faɗi, dillali ya kwashe. Bayan wata biyar manomin ya dawo yana sayen abin da ya sayar, da tsada. Wasu don tsoron ƙwari sai su zuba wa wake maganin feshi. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da waken Najeriya saboda yawan gubar da aka samu a ciki. Waken da Turai ta ƙi, mu ne muke cinsa. Alhali akwai buhun PICS mai riɓi uku, wanda ke toshe iska ƙwaro ya mutu ba tare da magani ba. Masu albasa kuma sun daɗe da rudu, inda take shan iska ta yi watanni.

Na huɗu, gado. Gona ɗaya a raba wa magada takwas, kowa ya samu abin da bai isa riƙe gida ba, sai a sayar a yanka fuloti. Kusa da gari, musamman wajen da jami'ar tarayya take a hanyar Kalgo zuwa Bunza, kuɗin fili yana da jan hankali. Sai dai kuɗin fuloti sau ɗaya ake karɓa, gona kuwa duk shekara tana bayarwa.

Me matashi zai iya yi? In an raba gado, kowa ya san kasonsa kamar yadda shari'a ta tsara, amma ba dole ba ne a sayar. 'Yan'uwa na iya ci gaba da noma tare a raba amfani. Mutum biyar ko shida masu maƙwabtaka a fadama su haɗa kuɗi su sayi injin sola ɗaya, su yi karɓa-karɓa. Kai mai waya, riƙe wa baba lissafi: nawa aka kashe a iri, taki, mai da leburori, nawa aka samu. Manoma da yawa ba su san ko riba suka ci ko faɗuwa suka yi ba, don ba a rubutawa. Ka buɗe zauren WhatsApp na unguwa, masu sayar da abinci da matan gida su yi oda kai tsaye daga lambu. Ke kuma 'yar'uwa, zogale, yakuwa da rama a bayan ɗaki da ruwan wanke-wanke maras sabulu suna rage kuɗin cefane, kuma busar da tumatir ko kuɓewa sana'a ce.

A nan za mu dakata. Wannan makon ku zauna da wani dattijo a gida, ku tambaye shi me ake shukawa a gonarku shekara talatin baya da yanzu aka daina, kuma me ya sa. Ku rubuto mana amsar, za mu karanto wasu a shiri na gaba. Allah ya ba mu damina mai albarka. Sai mun sake haɗuwa.