Macijin Ciki Na Cin Jarin Masu Kiwon Ɓauna A Indiya

Ƙasar Indiya, wadda ke kan gaba a duniya wajen samar da madara tun 1998, ta dogara ƙwarai a kan ɓaunar gida, wadda ake kiwo ana tatsa kamar saniya, saɓanin ɓaunar daji da aka sani a Afirka. Ƙidayar dabbobi ta 2019 ta nuna cewa ƙasar na da ɓaunaye fiye da miliyan 109, kuma jihar Haryana ta yi suna da irin da ake kira Murra. To amma wannan dukiya na fuskantar barazana daga gudawar da ke kashe 'yan maruƙa a watannin farko na rayuwarsu.

Ɗaya daga cikin manyan masu haddasa wannan asara ita ce wata tsutsa dangin macijin ciki, wadda likitocin dabbobi ke kira Toxocara vitulorum. 'Ya'yan tsutsar kan kwanta a jikin uwa, sannan su bi ta dakashi da nonon kwanakin farko su shiga cikin maraƙi. Cikin mako 3 zuwa 4 sun girma sun fara ƙwai, wasu har tsawonsu kan kai santimita 30. Daga nan sai gudawa da rama da kumburin ciki, wani lokaci ma hanji ya toshe.

Bugu da ƙari, akwai ƙananan ƙwayoyin cuta na kiriftosiforidiyam da koksidiya, waɗanda ke yaɗuwa ta kashi a garke mai danshi da cunkoso. Na farkon ma yakan kama mutane.

Hasarar ba ta tsaya ga maraƙin kaɗai ba. Ɓauna kan ɗauki ciki na kimanin kwana 310, kuma da yawa sukan hana nono in ɗansu ya mutu. Ke nan makiyayi ya rasa cinikin madarar bana, ya kuma rasa karsanar da za ta gaji uwar.

Maganin kuwa ba mai tsada ba ne, muddin an kiyaye lokaci. Masana na ba da shawarar a ɗura wa maraƙi maganin tsutsa, irin su firantel ko lebamisol, tsakanin kwana 10 zuwa 16 da haihuwa, kafin tsutsar ta fara ƙwai, tare da tsaftace makwanci.

Wannan tsutsa tana kama maruƙan shanu a Nijeriya ma. Don haka duk mai niyyar zuba jari a kiwon shanun madara, ya kamata ya sa kuɗin maganin maruƙa da na likitan dabbobi cikin lissafinsa tun daga farko.