Kujerar Yara a Mota da Aibin da Labarinsa Ba Ya Isowa Babura

Tun da ma'aikata da 'yan kasuwar Babura da Kazaure da Roni da Gwiwa suka fara mallakar ƙananan motoci na kansu, akan ga jefi-jefi wata kujerar roba mai ɗamara da ake kafawa a bayan mota domin zaunar da jariri, kuma galibin kujerun gwanjo ne, sun sha aiki a Turai ko Amurka kafin su biyo ta Kwatano ko Legas su sauka a kasuwannin Kano. Niyyar mai saye kyakkyawa ce, amma akwai mas'ala a ƙarƙashin cinikin.

A watan Fabrairu na 2014 kamfanin Graco na Amurka ya yi shelar janye kujeru kusan miliyan 3.7, saboda maƙullin ɗamararsu yakan cije idan ɓurɓushin abinci ko ruwan zaƙi ya bushe a cikinsa, har uwa ta kasa kwance ɗanta, al'amarin da zai zama musiba idan mota ta kama da wuta. Kafin shekarar ta ƙare adadin ya haura miliyan 6, kana a 2015 hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasar, NHTSA, ta ɗora wa kamfanin hukuncin dala miliyan 10 saboda jinkirin bayyana aibin. Waɗanda suka saya a can an aika musu da sabon maƙulli kyauta, domin dokar Amurka ta wajabta a haɗa kowace kujera da katin rajista, mai saye ya rubuta sunansa da adireshinsa, ta yadda in aibi ya bayyana za a san ƙofar da za a ƙwanƙwasa.

To, a nan illar gwanjo take. Janye kaya yana tafiya ne tamkar isnadin hadisi, daga maƙeri zuwa dillali zuwa mai saye, kowa ya san daga wanda ya karɓa. Da zarar kujera ta bar hannun mai ita na farko, ta shiga kwantena tare da takalma da kekunan yara, ta ratsa hannaye da dama kafin ta iso mu, silsila ta yanke, kuma wasiƙar gargaɗi za ta ci gaba da zuwa wani gida a ƙetare alhali yaron da ke cikin haɗari yana kan hanyar Kano zuwa Babura. Malamanmu na mazhabar Malikiyya sun ba mai saye haƙƙin mayar da haja idan ya tarar da aibin da aka ɓoye masa, sun kuma haramta algus. Amma wa za a tuhuma, tun da shi kansa mai sayarwa bai san tarihin abin da ya kasa ba? Bai sani ba ko kujerar ta taɓa shiga haɗari, robarta ta tsage ta ciki inda ido ba ya kaiwa. Daɗin daɗawa, masu ƙera kujerun sukan yanka musu wa'adi, galibi tsakanin shekara 6 zuwa 10, kuma zafin bazararmu a cikin rufaffiyar mota ba ya ƙara wa tsohuwar roba ƙarko.

Sai dai adalci ya wajabta a auna ɗaya ɓangaren, kuma shi ya fi ci mini tuwo a ƙwarya. Mafi yawan 'ya'yanmu ba su da kujera ko mai aibin. A cinyar uwa suke tafiya, cikin Golf ko Sharon da aka yi wa lodi fiye da ƙima, cunkoson da tsadar mai ta tsananta tun cire tallafi a watan Mayun 2023. Hannun uwa, duk da ƙaunar da ke cikinsa, ba ya iya riƙe yaro idan mota ta yi karo tana gudu, alhali ƙididdigar NHTSA ta nuna kujerar da aka ɗaura daidai tana rage mutuwar jarirai da kimanin kashi 71 cikin 100. Hukumar kiyaye haɗurra ta Nijeriya, FRSC, wadda aka kafa a 1988, ta tilasta wa manya ɗaura bel tun 2003, ta kuma hana zaunar da yara a gaba, amma a tashoshinmu ba a cika tambayar inda aka ajiye ƙaramin yaro ba. Don haka ba na ganin hikima a tsorata iyaye har su watsar da kujerar baki ɗaya. Tawakkali ba ya kore riƙon sababi.

Abin da ya kamata shi ne a ɗinke silsilar daga namu ɓangaren. Hukumar SON mai kula da ingancin kaya da FCCPC mai kare haƙƙin masu saye su riƙa ɗauko sanarwar janye kaya daga ƙasashen da ake ƙera su, su watsa da Hausa a gidajen rediyon Jigawa da Kano. Shi kuwa magidanci, kafin ya biya kuɗi, ya juya kujerar ya nemi takardar da aka manna a gefenta ko ƙarƙashinta, mai ɗauke da lambar samfuri da ranar ƙira, ya sa wani mai waya ya duba masa lambar a shafin NHTSA idan ƙirar Amurka ce, ya kuma ɗaura maƙullin ya kwance sau da dama da hannu ɗaya. Wadda aka kankare wa takarda, ko ɗamararta ta zaizaye, ya bar wa mai ita kayansa ko da an karya masa farashi.