Mafakar Iska a Birnin Zariya

Iska iri biyu maginan birnin Zariya ke yi wa tanadi. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu hunturu na busowa daga arewa maso gabas, ɗauke da sanyi da ƙurar Sahara. Da damina kuwa hadari daga gabas yake tasowa, ruwa ya riƙa dukan bangon da ke fuskantarsa har ya zaizaye shi. Shi ya sa ake ƙarfafa bangon gabas da yaɓen makuba, wadda ake samu daga kwasfar ɗorawa.

Doguwar katanga na kare tsakar gida. Zaure kuma na karya ƙarfin iska, domin ƙofofinsa ba sa kallon juna. Lungunan cikin ganuwa, masu ƙunci da lanƙwasa, su ma suna rage mata gudu.