Wa Ya Ce Man Birki Da Garin Kafso Maganin Ciwo Ne?

Duk wanda ya taɓa zaman jiran gyara a gareji ya san abin da ke biyo baya idan ƙarfe ya yanki yaron bakanike. Babu mai neman ruwa, balle sabulu. Oga zai leƙo daga ƙarƙashin mota ya ce, "Kai, miƙo man birki a tsiyaya masa." Yaro ya runtse ido ya cije leɓe, a yago tsumman da aka gama goge inji da shi a ɗaure wurin, kowa ya koma bakin aikinsa. Da yamma yaron ya biya ta kemis ya sayi kafso, ja da rawaya ko ja da baƙi, a ɓare a zazzage garin a kan ciwon. Shi ke nan, wai an yi magani.

Haka aka yi wa ɗan wani maƙwabcina da ke koyon gyaran babur. Tsohon langalanga ne ya tsage shi a bayan ƙafa, tsagar ko tsawon ɗan yatsa ba ta kai ba. Lokacin da na gan shi ƙafar ta yi suntum tana ƙyalli, takalmi ba ya shiga, kaluluwa ta fito masa a matsematsi, ga zazzaɓi yana kaɗa shi. Bakin ciwon ya yi wani ɓawo rawaya mai tauri, kana danna gefensa mugunya na ɓullowa. Na tambayi uban abin da ya hana su zuwa asibiti. Ya ce, "Wallahi Malam ba mu zauna ba, kullum sai an zuba masa kafso safe da yamma." Da gaskiyarsa yake faɗi, kuma abin da ya fi ci mini rai ke nan. Sai da aka kwantar da yaron, aka ɓamɓare ɓawon, aka tsaga aka kwashe mugunya da ruɓaɓɓen nama, aka yi ta wankin ciwo kafin ya sake taka ƙafar.

Man birki dai an yi shi ne don ya jure zafi da matsi a cikin bututun birki. Kowane bakanike ya san idan ya ɗiga a jikin mota fenti yake ci, shi ya sa ake saurin goge shi. To abin da ke cin fentin mota, me zai yi wa ɗanyen naman mutum? Raɗaɗin nan da ake ji ana cewa "ai aiki yake yi", naman wurin ne ke mutuwa, mataccen nama kuwa a cikinsa ƙwayoyin cuta suka fi hayayyafa. Baƙin mai da fetur da kananzir da ruwan batir duk jirgi ɗaya ya kwaso su.

Amma garin kafso ya fi damuna, domin shi yana da kamar magani, har masu ilimi suna yi. An haɗa kafso ne don a haɗiye shi, ya narke a ciki, ya bi jini ya isa inda cuta take, bisa adadi da kwanakin da likita ya ƙayyade. Garin da ke cikinsa ba zallar magani ba ne, akwai abubuwan da ake cakuɗawa don ya cika kwanson, kuma ba a tsarkake shi don buɗaɗɗen ciwo ba. Idan aka barbaɗa shi sai ya haɗu da ruwan ciwo ya daskare, ya rufe ƙasa da dattin da ba a wanke ba. Mutanen gida su duba su ga sama ya bushe, su yi hamdala, alhali ciwon yana cin ciki, kamar a yi wa katangar da gara ta cinye sabon yaɓe. Wasu kuma fatarsu ce ke ƙin maganin, wurin ya yi ƙuraje da ƙaiƙayi, sai a ce ciwon ne ya ƙaru, a ƙara ɓare wani kafson.

Akwai kuma ɓarnar da ba ta tsaya kan mai ciwo ba. Ƙwayar cutar da aka yi wa yayyafin magani bai kashe ta ba, sabawa take yi da shi, ranar da ake buƙatarsa da gaske ya ƙi ci. Wani babban bincike da mujallar likitanci ta Lancet ta buga a 2022 ya ƙiyasta cewa a shekarar 2019 kaɗai mutum miliyan 1.27 suka mutu a duniya saboda ƙwayoyin cutar da suka daina jin magani, kuma in aka auna da yawan jama'a, Afirka ta Yamma ce abin ya fi yi wa ɓarna. Mu ke nan. Duk da haka za ka ga yaron kemis da hannunsa yake ɓare kafso yana zuba wa mutane, har ya karɓi kuɗin aiki. Wannan ya kamata ya ji kunya. Haka shi ma mai haɗiyar ƙwaya biyu ya watsar da saura don ya ji zogi ya lafa.

Sauran tarkacen da ake cusa wa ciwo kowa ya san su: toka, ƙasa, kashin shanu, yanar gizo-gizo. Mace ta ƙone a salansar babur, a lafta mata man goge baki ko ɗanyen ƙwai, alhali abin da ƙuna ke so shi ne a yi ta kwarara mata ruwa mai sanyi, ba ƙanƙara ba, har kamar minti 20. Zuma kam tana da amfaninta, akwai asibitocin da ke sa ta a wankin ciwo, amma bayan an wanke wurin tas, kuma ba irin ta bakin tasha da aka dama da sukari ba.

Abin da ya kamata a yi bai kai kuɗin kafson ba. Mai taimako ya fara wanke hannunsa da sabulu. Idan jini na zuba, a danna da ƙyalle mai tsabta minti 10 ba tare da ana ɗagawa ana leƙe ba. Sannan a kwarara ruwa mai tsabta da yawa har ƙasa da duk wani datti su fita, a wanke kewayen da sabulu. Don wankin yau da kullum, a tafasa ruwa kimanin cikin ledar fiya wata ɗaya, a zuba gishiri cokalin shayi ɗaya a shafe, a bari ya huce. Sifirit da Dettol na gefen ciwo ne da kayan aiki, kada a ɗura su a ciki. A rufe da bandeji mai tsabta, kada a manna auduga kai tsaye domin zarenta na maƙalewa a nama, cire ta kuma fami ne. A canza kullum, ko duk lokacin da ya jiƙe. Masu cewa "a bar shi ya sha iska" sun manta ƙuda da ƙurar hanya su ma iskar suke bi. Idan ƙafa ce ko hannu, a riƙa ɗora shi a kan matashi don kumburi ya sauka, farasitamol kuma ya isa rage zogi. Ciwon da ya wage baki yana son ɗinki, kuma a ranar ake kai shi, cikin sa'o'in farko. Cizon kare kuwa wanki ne da ruwa da sabulu na minti 15, daga nan sai asibiti ko da bai yi zurfi ba.

Ciwon da ke warkewa kullum zafinsa raguwa yake yi. Idan bayan kwana biyu ko uku zogi ƙaruwa yake, har yana hana barci, to ya ɗuri ruwa. A baƙar fata ba lallai a ga jan da littattafai ke faɗi ba, don haka a taɓa da bayan hannu: wurin zai fi sauran jiki zafi, ya yi tauri, ya ƙara duhu yana ƙyalli. Mugunya, wari, kumburin da ke hawa sama, kaluluwa a matsematsi ko hammata, duk sun wuce aikin gida. In kuwa zazzaɓi da rawar sanyi suka shigo, ko numfashi ya yi sauri, ko mutum ya fara sambatu, cutar ta shiga jini, ko tsakar dare ne a fita da shi. Kuma don Allah a daina cewa "daji ne, ba ya son allura", ko "jifa aka yi masa". Wannan magana ta sa an yanke ƙafafun da da an kai su da wuri, da masu su na tafiya a kansu. Mai ciwon suga kada ya jira ko alama ɗaya, domin sau da yawa ƙafarsa ba ta jin zafi, ciwon zai yi nisa bai sani ba. Mai sikila ma ƙaramin ƙwarzane a idon sawu kan zame masa gyambo.

Saura tetanus, mai sarƙe haƙora. Mutane na ɗora laifin a kan tsatsa, alhali ƙwayar a ƙasa da kashin dabbobi take zaune, kuma ta fi son ciwo mai zurfi da iska ba ta shiga, irin na ƙusa da ƙaya da wanda aka toshe bakinsa da gari ko toka. Takan ɗauki kwana 3 zuwa 21 kafin ta bayyana, wani lokaci ciwon ma ya rufe: muƙamuƙi ya ƙage, wuya ya sandare, baya ya banƙare. Jarirai na samun rigakafinta a sati 6 da 10 da 14, masu ciki na samu a wurin awo. Waɗanda aka bari a baya su ne maza manya, bakanike da manomi da mahauci da ɗan gwangwan, wato waɗanda suka fi kowa yankewa. Duk wanda ya ji ciwo mai datti ko mai zurfi, kuma allurarsa ta ƙarshe ta wuce shekara 5 ko bai ma san ko an taɓa yi masa ba, ya je a yi masa a ranar. Wanda bai taɓa yi ba allura ɗaya ba ta wadatar da shi, ya tambayi ma'aikacin lafiya ranar da zai dawo a cika masa saura, ya kuma koma.